Rigimar Nen: wa ke biyan farashin ƙarfin jarumi?

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Makka ko Jidda a farkon shekarun 2000, in dai akwai dish a saman gidansu, da wuya a ce bai san Al-Ƙannas ba. Sunan da aka raɗa wa labarin Hunter x Hunter ke nan lokacin da cibiyar Zahra ta birnin Dimashƙa ta mayar da shi Larabci, tashar Spacetoon kuma ta shigo da shi ɗakunan mutane. 'Ya'yan Hausawan Shara Mansur da Hindawiyya da Rusaifa sun kalle shi yadda 'ya'yan kowa suka kalla, sun haddace waƙar buɗewarsa, sun rabu gida biyu tsakanin masu son Gon, yaron da labarin ke bi, da masu son abokinsa Kiluwa. Yau waɗancan yara sun zama magidanta, amma gardamar da labarin ya haifar tana nan da ranta. Ƙaruwa ma ta yi, don ƙannensu da 'ya'yan yayyensu sun taso sun tarar da ita, sun kuma shigo da hujjojin da manyan ba su taɓa ji ba.

Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne Nen, ƙarfin da jaruman labarin ke faɗa da shi. Ɓangare guda na cewa ba a taɓa tsara ƙarfin ƙage da kyau irin Nen ba, komai da dokarsa, komai da lissafinsa. Ɗaya ɓangaren na cewa dokar ta fatar baki ce, duk sanda jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai marubucin ya ƙirƙiro masa mafita ya ce dama can tana nan. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu a zaman shayi na daren Juma'a, kuma a ganina dukkansu sun ƙura wa jadawalin da ke kasa masu Nen gida-gida ido fiye da kima. Dokar da ke riƙe da labarin tana wani waje: me mutum ya bayar kafin ya samu abin da ya samu, kuma da gaske an karɓa daga hannunsa?

Yoshihiro Togashi ya fara fitar da labarin a mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan a 1998. An yi masa fim ɗin zane na farko a 1999 mai kashi 62, shi ne wanda aka juya Larabci. Na biyu ya fito daga 2011 zuwa 2014 da kashi 148. Wannan bambanci yana da tasiri a gardamarmu, domin tsohon zubin, har da ƙarin da aka yi masa, bai kai yaƙin Tururuwa ba, wato inda jaruman suka kara da wasu tururuwa masu cin mutane. Yayyenmu da suka tsaya a kansa sun san Nen ne a lokacin da yake da tsabta, dokokinsa kaɗan, kowa na iya ƙirga su da yatsu. Matasan da suka bi littafin zanen har cikin jirgin ruwan masarautar Kakin, can gaba a labarin, sun ga abubuwan da suka girgiza waccan tsabtar.

A labarin, kowane mai rai yana da kuzari da ke fita daga kafofin jikinsa yana tsiyayewa ba tare da ya sani ba. Mai Nen shi ne wanda ya koyi riƙe shi. Matakan farko huɗu ne: Ten, ka tsare kuzarin ya lulluɓe jikinka, Zetsu, ka toshe kafofin gaba ɗaya har ba a jin motsinka, amma ka zama ba ka da kariya, Ren, ka hura shi ya yi yawa, sai Hatsu, inda kowa ke fitar da dabarar da ta dace da halinsa. A Hatsu ne aka kasa mutane gida shida, aka jera gidajen a zobe mai kusurwa shida. A sama akwai masu ƙarfafawa irin Gon. A gefensu guda masu sauya kuzari ya ɗauki siffar wani abu, kamar Kiluwa da ke mayar da nasa lantarki, da Hisoka da nasa ke zama ɗanko mai miƙewa da mannewa. A ɗaya gefen masu cilla kuzari nesa da jiki. Ƙasa da waɗannan akwai masu ƙera abu na zahiri da kuzari, da masu sarrafa mutum ko kaya. A can ƙasa sai 'yan keɓe, waɗanda ba su shiga ko'ina ba.

Lissafin kuma a bayyane yake. Gidan da aka haife ka a ciki za ka iya kai wa ɗari bisa ɗari, maƙwabtansa biyu tamanin, na gaba da su sittin, wanda ke tsallaken zoben arba'in. Gidan keɓe ba a koyonsa, ko dai kana da shi ko ba ka da shi, sai dai masu ƙerawa da masu sarrafawa sun fi kowa yiwuwar komawa cikinsa daga baya. A majalisarmu da sunayen Larabci ake kiran gidajen, ka ji ana cewa wane mu'azziz ne, wane mujassid, wato mai ƙarfafawa da mai ƙerawa, a tsakiyar zance da Hausa tsantsa.

Yadda ake gane gidan mutum shi ya fi burge yara. A ɗora ganye a kan kofin da aka cika da ruwa, mutum ya kewaye kofin da tafukansa ya yi Ren. In ruwan ya ƙaru har ya zuba, mai ƙarfafawa ne. In ɗanɗanonsa ya sauya, mai sauyawa. Launi ya canza, mai cillawa. Gurɓatacce ya bayyana a ciki, mai ƙerawa. Ganyen ya motsa, mai sarrafawa. Na taɓa shiga falon yayata a Rusaifa na tarar da ɗanta ɗan aji huɗu durƙushe gaban kofin gilashi, ya tsinko ganyen na'ana'a daga farantin shayi ya ɗora a kai, ya haɗe gira, jijiyar wuyansa ta miƙe. Can sai ganyen ya juya a hankali. Ya daka tsalle yana cewa, "Kawu, ka gani! Wallahi ya motsa, ni mutala'ib ne!" Yayansa na kwance kan kujera ya ce, "A kashe mukayyif tukuna, sannan ka sake." Aka kashe na'urar sanyin, yaron ya koma ya durƙusa, ya ƙi tashi har aka kira Magariba.

Baffanmu na zaune a wurin, carbi a hannu, kuma tambayar da ya yi ita ce wadda iyaye da yawa ke yi. "Kai ɗana, wannan ba tsafi ba ne kuke koya wa yara?" Tambaya ce mai tushe. Mutanen zamaninsa sun shaida lokacin da malaman ƙasar nan ta Saudiyya suka fitar da fatawar hana Pokémon a 2001, kuma a gidaje da dama an daɗe ana ɗari-ɗari da zanen Japan. Abubuwa sun sauya tun daga nan: an kafa kamfanin Manga Productions a 2017 ƙarƙashin gidauniyar Misk, an buɗe gidajen sinima a 2018, a 2024 har aka sanar da gina wurin wasa na Dragon Ball a Ƙiddiya. Amma zuciyar uba ba ta sauyawa da sanarwa. Na ce masa, "Baffa, labarin ƙage ne, kuma a cikinsa horon jiki da numfashi ake yi, ba a kiran aljani, ba a yanka wa kowa. Amma gaskiyarku ce, sai babba ya zauna kusa da yaro ya nuna masa inda ƙage ya tsaya." Da na ɗan warware masa yadda abin ke aiki, sai ya gyaɗa kai ya ce ai wannan tsohon zance ne. A labaran 'yan tauri da mayaƙan da suka ji suna yara a ƙasar Hausa, duk wanda aka ce ƙarfe ba ya cinsa akwai abin da aka hana shi ci ko taɓawa, ranar da ya karya sharaɗin kuwa ranar wuƙa za ta kama shi. Baffa bai taɓa kallon kashi ɗaya na fim ɗin ba, amma ya dafa daidai inda jijiyar labarin take.

Kafin mu je can, sai a ba masu jadawali haƙƙinsu, domin suna da hujja mai ƙarfi, sunanta Kastro. Ɗan dambe ne a hasumiyar faɗa mai hawa 251, wanda alamu suka nuna mai ƙarfafawa ne. Maimakon ya zurfafa a gidansa, sai ya ƙare basirarsa wajen ƙera wani Kastro na biyu da zai riƙa faɗa tare da shi. Wannan na buƙatar ƙerawa da sarrafawa a lokaci guda, gidaje biyu da ba zai wuce sittin a cikinsu ba. Hisoka, abokin karawarsa, ya bari har Kastro ya cire masa hannaye biyu, sannan ya lura cewa na bogin kullum tsaf yake fitowa, babu ƙura babu jini, don Kastro siffarsa mai tsabta kawai ya iya riƙewa a ka. Daga nan faɗa ya ƙare. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, in ji masu jadawali, kuma labarin da kansa ya hukunta wanda ya gwada.

To sai masu suka su ce, Netero fa? Wannan tsoho, shugaban Ƙungiyar Mafarauta da su Gon ke ciki, mai ƙarfafawa ne, amma makaminsa wani ƙaton mutum-mutumi ne mai hannaye barkatai da ke bayyana a bayansa yana kai mari. Ina wannan ina gidan ƙarfafawa? Me ya sa aka kashe Kastro a kan laifin da aka yafe wa tsoho? Aka zo 2022, aka yi baje kolin ayyukan Togashi a Tokiyo, aka nuna wata takardar da ya jera jarumansa gida-gida, sai rigima ta sake ɓarkewa. Meruwem, Sarkin Tururuwa, wanda kusan kowa ya yi shekaru yana rantsuwa ɗan keɓe ne saboda yana ƙara ƙarfi da cin masu Nen, sai ga shi a gidan cillawa. Zeno da Silba, kakan Kiluwa da ubansa, waɗanda aka daɗe ana lissafa su cikin masu sauyawa, su ma can aka ajiye su. Takardar ta kuma nuna cewa mutum na iya zama a tsakanin gidaje biyu, ya karkata zuwa ɗaya. Wani abokina da ya yi shekaru yana kare jadawalin ya yi shiru a daren da muka tattauna wannan, daga bisani ya ce, "Ɗayyib, ashe zoben ba katanga ba ne."

Ni abin Netero bai taɓa damuna ba, don labarin ya nuna abin da ya biya. Yana ɗan shekara 46 ya hau dutse ya ɗaura wa kansa naushi dubu goma kullum, kowane naushi da haɗa tafuka na godiya kafinsa. Da farko sa'a 18 yake ɗauka, da ya kai hamsin ko sa'a guda ba ya cikawa. Har a gaban Meruwem, duk marin da mutum-mutumin zai kai sai tsohon ya fara haɗa tafukan nan. Kastro gajeriyar hanya ya nema, Netero kuwa rayuwarsa ya zuba. Jadawalin na faɗa maka inda abu zai zo maka da sauƙi ne kawai, bai ce ga iyakar abin da za ka iya saye ba in kana da abin biya.

Nan ne muka iso dokar sharaɗi da alwashi, wadda a wurina ita ce uwar dukkan sauran. Mai Nen na iya ɗaure kansa da wani sharaɗi, ya yi alwashin hukuncin da zai hau kansa in ya saɓa, kuma gwargwadon tsananin ɗaurin gwargwadon ƙaruwar ƙarfinsa. Kurapika, abokin Gon, shi ne babban misali. Wani gungun ɓarayi su goma sha uku masu tambarin gizo-gizo sun hallaka danginsa kaf don su ƙwaƙule jajayen idanunsu. Watanni kaɗan da fara koyon Nen ya tunkari ɗaya daga cikinsu, Ubogin, ƙaton da harsashin bazuka bai huda fatarsa ba, ya ɗaure shi da sarƙar da ke tilasta wa wanda ta kama shiga Zetsu. Ta yaya sabon shiga zai yi haka? Domin ya soka wata sarƙar a zuciyarsa shi kansa, da alwashin cewa ranar da ya yi amfani da sarƙar ɗaurin a kan wanda ba ɗan gungun ba, ranar zai mutu. Makami ne na mutum goma sha uku kacal a duk duniya, shi ya sa ya yi kaifi haka.

Duk da haka an yi shekaru ana ƙorafi a kan wata baiwarsa ta biyu. In idanunsa suka yi ja yakan koma ɗan keɓe, ya iya aiki da kowane gida ɗari bisa ɗari. Masu suka suka ce wannan kam kyauta ce, marubuci ya so yaronsa. Sai da aka shiga jirgin Kakin aka bayyana farashin: kowace daƙiƙa ɗaya a wannan hali tana cinye sa'a ɗaya daga tsawon ransa. Yi lissafin da kanka. Sa'a guda kwana 150 ke nan, sa'a goma sha biyu kusan shekara biyar. Wasu sun ce gyaran baya ne, an ji ƙorafi aka liƙa. Ko da haka ne, gyaran ya bi hanyar da labarin ya shata tun farko, kuma tun daga ranar duk wanda ya ga idon Kurapika ya yi ja sai gabansa ya faɗi.

Ƙananan misalai suna da yawa. Kurolo, shugaban ɓarayin, ba ya iya satar dabarar wani sai ya gan ta da ido, ya yi tambaya a kanta an ba shi amsa, mai ita ya ɗora tafinsa a bangon littafinsa, duk cikin sa'a guda. Gensuru mai bam sai ya yi wa wanda ya ɗana wa bam ɗin bayanin yadda yake aiki kafin ya fara ƙirga. Nakul kuwa rancen kuzari yake ba abokin faɗa da kuɗin ruwa, kashi goma cikin ɗari duk daƙiƙa goma, in bashin ya fi abin da mutum ke da shi sai ya tsiyace, ya yi kwana talatin babu Nen. Ba a taɓa ambatonsa a zamanmu ba wani bai ce a'uzubillahi, ga mai cin riba ba.

Inda gardama ta fi zafi shi ne kashi na 131 na sabon zubin. Pito, ɗaya daga cikin dogarawan Sarkin Tururuwa uku, ya kashe Kaito, mutumin da Gon ke ɗauka kamar uba. Gon bai san ya mutu ba, ya yi ta rayuwa da fatan za a iya gyara shi, har ranar da Pito ya faɗa masa gaskiya cewa Kaito ya riga ya mutu. A nan yaron ya sallama komai. Jikinsa ya girma nan take zuwa shekarun da zai iya kayar da Pito, gashinsa ya miƙe sama, ya ragargaza halittar da manyan mafarauta ke tsoron tunkara. Masu suka na cewa wannan fushi ne kawai aka yi wa ado da sunan alwashi. Kurapika ya zauna ya tsara sharaɗinsa da malaminsa, ya san abin da ya ɗauka da abin da ya bari. Gon bai tsara komai ba. In haka abin yake, me zai hana duk wanda aka ƙure a faɗa ya ce na ba da komai, ya tashi ya kashe wanda ya fi shi?

Amsar tana cikin labarin tun da wuri. Malaminsu na farko, Wing, ya kimanta cewa irin baiwar Gon da Kiluwa sai a mutum ɗaya cikin miliyan goma. Wanda ba shi da komai a rumbu, in ya ce ya ba da komai, me ya bayar? Gon yana da shekaru masu yawa na girma a gabansa, su ya tattara ya ƙone a dare ɗaya. Sannan Nen ba ya jin maganar baki. Mutumin da ke cewa na sallama rayuwata alhali can cikin ransa yana neman hanyar tsira, ba abin da zai samu. Gon kuwa tun farkon labarin an nuna shi yaro ne da in ya sa abu a gaba ba ya waiwaye, har abin ya riƙa ba na kusa da shi tsoro. Ni ban ga karya doka a nan ba. Abin da na gani shi ne ma'aunin farashin yana cikin ƙirjin mai biya, ba a wata takarda ba, kuma wannan ne ke hana masu son lissafi barci, don ba a auna niyya da kaso. Sakamakon ma an nuna shi ba tare da tausayi ba: yaro kwance a asibiti ya ƙanjame ya bushe, mai cire Nen ta ƙungiyar ta duba ta ce ya fi ƙarfinta.

A wannan faɗan ne kuma wata ƙofa ta buɗe da ta fi damuna. Bayan Pito ya mutu, Nen ɗinsa ya tashi gawar ta ci gaba da faɗa har ta cire wa Gon hannu. An riga an faɗa tun baya cewa Nen na iya ƙara ƙarfi bayan mutuwar mai shi in ya tafi da ƙuduri mai tsanani, kuma a kan Pito abin ya zauna, don ya mutu bai dawo ba. Amma a 2016 aka zana faɗan Hisoka da Kurolo. Hisoka ya sha kashi ya mutu, sai dai kafin ransa ya fita ya umarci ɗankonsa da ya matsa zuciyarsa da huhunsa bayan ya cika. Ya farfaɗo, ya cike gaɓoɓin da ya rasa da ɗanko, ya fita ya kashe biyu daga cikin ɓarayin. Daga baya aka kawo Kamila, 'yar sarkin Kakin ta biyu, wadda dabararta gaba ɗaya ita ce a kashe ta, wata kyanwa ta fito ta matse wanda ya kashe ta, ta ɗura mata ransa ta tashi. Ta Kamila tana da mai biya, ko da ba ita ba ce, kuma in abokin gaba ya ƙi kashe ta ba ta da abin yi. Ta Hisoka ce ta tsaya mini a wuya. Masu kare shi na cewa caca ya yi, bai da tabbacin abin zai yi aiki, kuma shiga caca da rai shi ma biya ne. Na ji wannan, amma mutuwa ita ce farashi mafi tsada a duk labarin, in aka fara karɓarta ana mayar wa mutum, duk sauran alwashin sai su yi araha. Mu da muka san rai da ajali a hannun Allah suke, wannan ne wurin da nake tsayawa in yi wa yara magana in muna kallo tare.

Sai Nanika, wadda ita ce ƙashin bayan duk wata hujja ta masu suka. Wata halitta ce da ke zaune a jikin Aluka, ƙanwar Kiluwa, tana biyan kowace irin buƙata. Dokokinta da farko masu ban tsoro ne. Ka biya wa Aluka roƙo uku, a ba ka buƙata ɗaya. Nauyin buƙatarka kuma a kan na bayanka yake sauka, don roƙon da za a yi masa zai yi tsanani daidai da girman abin da ka nema. In ya ƙi roƙo huɗu a jere, shi da wanda ya fi so za su mutu, wani lokaci har da wasu da dama. Wata ma'aikaciyar gidan ta nemi zama biloniya ta samu. Wadda ta biyo baya aka roƙe ta hantarta da 'ya'yan hanjinta da ƙashin bayanta da ƙwaƙwalwarta, ta ƙi, mutum 67 suka hallaka. Har nan babu mai ƙorafi, banza ba ta kai zomo kasuwa. Sai aka wayi gari Kiluwa ya san wasu dokoki da sauran gidan ba su sani ba: warkarwa ba ta jawo mugun roƙo, kuma in shi ya ba da umarni ba a biyan komai. Da haka aka tashi Gon daga gadon da aka ce ba mai tashinsa.

Ra'ayoyi uku nake ji a kan wannan. Na farko na cewa an biya, ba a dai nuna mana wanda ya biya ba. Hujjarsu ita ce gawarwakin nan murɗaɗɗu kamar igiya da aka nuna a babin da ya gabatar da Nahiyar Duhu, wani yanki mai haɗari da ke wajen duniyar da mutane suka sani, waɗanda aka ce a duniyar mutane aka tsince su, kuma irin mutuwar da waɗanda suka ƙi roƙon Aluka ke yi ke nan. Na biyu na cewa Nanika daga waccan nahiyar ta fito, ita ce Ai, ɗaya daga cikin bala'o'i biyar da aka kwaso daga can, don haka dokar mutane ba ta hau kanta ba. Masu wannan ra'ayi sukan ƙara da hasashen cewa Zigu Zoldik, wanda ya raka Netero can a zamanin ƙuruciyarsu, shi ya jawo ta cikin zuriyar. Hasashe ne mai daɗin ji, amma bai warware komai ba, sai ma ya ba marubuci izinin shigo da duk abin da ya ga dama daga waje. Na uku shi ne wanda Kiluwa da kansa ya tsaya a kai, cewa Nanika ba muguwa ba ce, kwaɗayin masu nema ne ke dawowa a siffar mugun roƙo, wanda ya nemi alheri don wani kuwa ba abin da zai dawo.

Zuciyata ta fi karkata ga na ukun, don ya yi daidai da abin da muka gani a kan Gon, cewa niyya ce ma'auni. Amma ba zan ɓoye cewa ya bar rami ba. Marubucin nan na Amurka, Brandon Sanderson, ya yi wata ƙa'ida a 2007 da masu irin wannan gardama ke yawan jawowa, cewa marubuci na da ikon warware matsala da ƙarfin ƙage ne gwargwadon yadda mai karatu ya riga ya fahimci ƙarfin. Dokar umarnin Kiluwa ta zo ne dab da lokacin da ake buƙatarta, daga bakin mutum ɗaya tilo da zai amfana da ita. Kuma in ana iya goge alwashi mafi girma a labarin da taɓawar hannu ɗaya, me zai hana a kai Kurapika gaban Aluka a mayar masa da shekarun da ya ƙone? Wani ƙanena ya taɓa jefo mini wannan tambayar muna cin tsire a bakin titi, ya ce, "Yaya, in Nanika na nan, ai ba wanda ya biya komai." Na ce masa Gon ya biya wani abu. Ya tashi da lafiyarsa, amma ya tashi ba ya ko ganin kuzarin da ya yi shekaru yana tarawa, ubansa Jin ya ce masa ya koma mutum kamar kowa, ya kuma gode da hakan. Ya koma tsibirinsu wurin innarsa yana karatun makaranta, an ci gaba da labarin ba da shi ba.

Rabin bashi ke nan a lissafina, sauran rabin yana rataye. Togashi na fama da ciwon baya da ke sa shi dogon hutu, babi goma ya fitar a ƙarshen 2022, wasu goma a ƙarshen 2024, kuma dukkansu ci gaban labarin jirgin Kakin ne, inda 'ya'yan sarki goma sha huɗu ke farautar juna, Kurapika na gadin jaririyar cikinsu yana ƙona kwanakinsa. Abubuwa biyu ne za su raba wannan gardama in an kai gare su. In Gon ya dawo ya sake buɗe kafofin kuzarinsa cikin 'yan watanni ya koma yadda yake, ko Kurapika ya sauka daga jirgin nan aka nemo masa hanyar mayar da abin da ya kashe, to masu suka sun ci, kuma ni da kaina zan faɗa musu haka a majalisa.